Shuɗin Fenti a Ƙofar Alhaji Barau

Litinin, bayan La'asar

Yau Injiniya ya fara aiki. Ya fito da riga shuɗiya mai sunan kamfani a baya, gwangwanin fenti a hannu guda, buroshi a ɗayan. Na ce mashi ashe duk shekarun nan da muke kai shi makaranta Katsina fentin bango ake koya mashi, da ya faɗa da wuri da na haɗa shi da mai fentin bakin tasha kyauta. Bai yi dariya ba. Uwarshi Bilki ta yi, amma sai da ta juya baya tana gyara itacen murhu.

Injiniya nake ce mashi don shi ne na fari, bakina bai iya sunan ba. Uwarshi kuwa ko Injiniyan ba ta cewa, a wurinta "wancan" ne. Ƙanwarshi Hussaina kaɗai ke cika gida da Yaya Mas'ud, Yaya Mas'ud.

Aikin dai ga shi, yadda kwanyar ɗan aji biyu na sakandare ta ɗauka. Kamfani biyu suka shigo Ƙanƙara, Kibiya da Walƙiya. Kowane na rantsuwa zai ja maka wayar intanet har cikin ɗaki kamar famfo, kuma tashi ta fi gudu. Kibiya sun ce kafin ka ce bismillah fim ya sauka. Walƙiya sun ce nasu tun kana niyya. A garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Layin da kamfani ya riga tara gidaje, shi zai haƙa ramin wayarshi a nan. Saboda haka duk gidan da ya ce yana so, a shafa mashi alama a ƙofa, a ɗauki hoto a tura Funtuwa. Kibiya shuɗi, Walƙiya ruwan goro. Injiniya na Kibiya ne.

Ni ina sayar da buhunan da babu komai ciki, shi zai sayar da abin da ba a gani. An yi gado.

Laraba, da hantsi

Layinmu ya koma kamar atamfa. Sadiq, abokin Injiniya tun firamare, shi ke shafa na Walƙiya. Da rana tsere suke, kowa na son riga ɗan'uwanshi sallama a ƙofar gida. Da yamma kuma ka gan su benci guda suna cin awara, wannan da shuɗin farce, wancan da jan farce kamar amarya.

Kibiya sun ce wata guda kyauta. Walƙiya suka ce wata biyu. Kibiya suka ƙara da batirin sola. Na ce su ci gaba, in aka yi haƙuri za su kai ga buhun shinkafa, ranar ni ma zan san ina buƙatar intanet.

Alhamis, bayan Magariba

Wurin ciyayya a ƙofar masallaci, kowa ya fito da kwanonshi, aka taso ni da tambaya, wai mi ye amfanin shuɗin nan. Na ce ai alama ce ta gidan da ake sa nama a miya. Duk inda kuka ga yaron nan ya shafa, ku yi sallama, akwai abin duniya a ciki. Aka yi dariya har ladan ya ƙware. Alhaji Barau mai hatsi ya fi kowa dariya, don jiya aka shafa mashi.

Miyar kuka ce yau a kwanona. Ƙofarmu babu alama ko ɗaya.

Asabar, da safe

Ban fita kasuwa ba. Ana gidan Alhaji Barau. Mutanen can na daji sun zo jiya. Sun tafi da Alhaji.

Sauran ba sai na rubuta ba.

Asabar, bayan Azahar

An yi ruwa.

Lahadi, bayan La'asar

Masu zuwa jaje sai su shiga zaure su fito, sannan su tsaya a ƙofa suna kallon shuɗin. Su kalli shuɗin, su kalli juna.

Da na dawo na tarar da matan gidaje biyu a layin nan sun turo 'ya'yansu da toka da kananzir suna goge ƙofa. Fentin ba ya fita. Abu guda ke nan da kamfanin ya faɗa ya zama gaskiya, sun ce kayansu masu ƙarko ne.

Injiniya ya ce gobe zai fita aiki, manajansu na matsa mashi, wai Walƙiya sun wuce su a unguwar bayan asibiti. Na ce ya bari rigar ta huta, ko riga na gajiya. Ya ce Baba wasa kake. Na ce yaushe ka taɓa jin na yi wani abu ba wasa ba.

Litinin, bayan Magariba

Kwanona ya dawo yadda ya fita. Bilki ta buɗe ta gani, ta rufe. Na ce mata mutanen unguwa sun fara azumin nafila ne, kuma da tuwonmu suka fara.

Hussaina ta dawo Islamiyya tana tambayata mi ye infoma. Na ce mai kai wa mutanen daji labarin gidajen mutane. Ta ce to ita ta mari wata yau. Ban tambaye ta dalili ba. Na ce ta wanke hannu ta ci abinci, ga shi nan da yawa.

Talata, bayan La'asar

Sun zo bayan Azahar, 'yan sintirin unguwa, da sallamarsu da komai. Sun ce tambayoyi ne kawai. Suka ce Injiniya ya ɗauko wayarshi da gwangwanin. Ya sa takalmi ya bi su.

Ina zaure ina ninke buhuna. Ban tashi ba. Jama'a cike da layi, in tashi in bi ɗan fari a titi ina roƙo, a ce Sha'ibu ya rasa kunya da tsufanshi? Ba a yin haka. Wannan aikin baffa ne. Ubana ma da aka kama yayanmu kan rikicin gona bai ɗaga ƙafa ba, ƙanenshi ya je.

Na kira ƙanena Maharazu a Sabuwa. Sai da ya hau tudun bayan makarantarsu sannan muka ji juna, rabin magana iska ta cinye. Ya ce gobe yana hanya.

Da Injiniya zai fita ya waigo ya dube ni. Ina ninke buhu.

Laraba, da hantsi

Maharazu na hanya.

Laraba, bayan Magariba

Bai taso ba. Motocin Sabuwa ba su fita ba yau, an ce an ga wani abu a hanya da asuba. Gobe.

Bilki ta zuba tuwon wancan a kula, ta ba Hussaina ta kai. Sun karɓa. Ba su bari ta gan shi ba.

Alhamis, bayan Azahar

Na ninke buhunan nan, na warware, na sake ninkewa. Babu buhu a Jihar Katsina da ya kai nawa ladabi.

Wayar Maharazu ba ta shiga. Matar cikin waya na ta ce mani in sake gwadawa daga baya. Ita kaɗai ce ke mani magana da fara'a a garin nan.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Motar Walƙiya ta zagaya gari da lasifika. Wai su ba sa shafa wa gidan mutane alama, su sirrin abokin hulɗa amana ne. Wai duk wanda ya yi rajista da wani kamfani ya dawo wurinsu, wata uku kyauta. Na leƙa layi, duk inda ruwan goro yake an bi shi da farar ƙasa. Tun yaushe? Sauri dai suna da shi, wannan ban musa ba.

Shuɗin kaɗai ya rage a ƙofofi.

A masallaci sahu ya cika maƙil, amma gefena na dama da na hagu akwai wurin da akuya za ta kwanta. Na yi salla a sake, kamar hakimi.

Asabar, da safe

Maharazu na hanya. Ya kai Dandume ya koma, wai direban ya ƙi gaba.

Asabar, bayan La'asar

Mai unguwa ya biyo ta ƙofar baya, inda ake fitar da shara. Bai zauna ba. Ya ce sun ga hotunan gidaje cike da wayar yaron, ƙofa bayan ƙofa, kowane da sunan mai gida a ƙasa. Ya ce ana maganar in Juma'a mai zuwa ta wuce ba wanda ya tsaya mashi, za a kai shi gaba.

Na ce gaba ina? Ya gyara hularshi. Na san mutum biyu da aka kai gaba bara. Matar ɗayan tana sayar da ƙuli-ƙuli a bakin tasha yanzu.

Na ce Maharazu na hanya. Ya dube ni, ya fita ta inda ya shigo.

Lahadi, da hantsi

Kular jiya ta dawo ba a buɗe ba.

Lahadi, bayan Azahar

Ina zaure Bilki ta shigo. Ba ta shigowa zaure da rana. Ta tsaya a kaina, hannunta duk gari.

Ta ce, "Baban Hussaina, Maharazu ne ya haife shi?"

Na ce ta san yadda ake yi, kuma jibi-jibi dai yana isowa, na ma ji an ce sojoji sun buɗe hanya. Na ƙara da cewa Maharazu tun yana yaro haka yake, a aike shi sayen gishiri ya dawo da labari.

Ta ce, "Mas'ud nake maka magana."

Tun ranar suna ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Ta faɗe ta kamar mai ɗaga dutse. Sannan ta koma ciki, na ji ta ci gaba da tankaɗe.

Na nemi abin dariya in faɗa wa bango, ban samu ba.

Litinin, bayan La'asar

Na je.

Tsohon shagon taki ne a bayan kasuwa, nan 'yan sintirin suke zama. Na sa babbar rigar Sallah, ina tafe tana ta kama iska, ni kaɗai kamar ɗan takara da jam'iyya ta yasar. Kwamandansu yaro ne da na sani, ubanshi na sayen buhu wurina. Ya ba ni kujera, ya kira ni Baba. Idonshi ja wur, an ce tun ranar bai kwana gida ba, kuma Alhaji Barau ne ya yi mashi aure. Ban ga laifin jan idon ba.

Ya ce wa na zo nema. Ya sani sarai. Na ce yaron nan. Ya ce yara da yawa ne a nan. Na ce Injiniya. Ya ce ba su kama injiniya ba. Mutanenshi na tsaye suna jira. Na faɗi sunan, na ce ɗana ne, na fari. Bakina ya yi ɗaci kamar na tauna maɗaci, amma rufin bai faɗo ba.

Na yi mashi bayanin aikin tun daga farko, tseren da fentin da hotunan. Ya saurara. Sannan ya ce, "Baba, ba kai ka ce duk gidan da ya shafa akwai abin duniya a ciki ba? A ƙofar masallaci, gaban jama'a. Washegari aka shiga gidan Alhaji."

Na ce wasa ne. Na ce duk Ƙanƙara an san ni, ni ne na taɓa cewa liman na sauri a sallar Isha don matarshi ta yi dambu. Ba wanda ya murmusa.

Ya ce in kawo mutumin kamfani ya tsaya gabanshi ya ce su suka sa shi, ko wani da ya san aikin. Ba takarda ba, mutum. Na ce in gan shi ko daga nesa. Ya ce yana barci.

Da rana tsaka. Yaron da ko yana goye ba ya barcin rana.

Talata, bayan Magariba

Funtuwa. Mun bi ta 'Yargoje ba wanda ya yi tari a motar, masara ta yi tsayi gefe da gefe, kowa idonshi na cikinta. A gefen titi ga ramin wayar Kibiya, an haƙa an bari, ruwa ya cika shi, kwaɗi sun riga kowa shiga intanet.

Ofishinsu sanyi kamar cikin randa. A bango ga talabijin ana nuna wata mata da 'ya'yanta suna dariya don fim ya sauka da wuri. Manajan yaro ne mai tabarau, ya yi mani sannu da zuwa har sau nawa. Ya ce sun ji abin, ransu ya ɓaci matuƙa. Amma Mas'ud ba ma'aikacinsu ba ne, wakili ne mai cin kamasho. Na ce rigar fa? Ya ce rigar talla ce, kowa na iya sawa. Na ce fentin fa, daga sama ya faɗo? Ya ce maganar fenti tana hannun lauyansu a Abuja, kuma an hana su zuwa Ƙanƙara sai abin ya lafa, don Walƙiya na jira su ga motar Kibiya a ƙofar 'yan sintiri su ɗauki hoto.

Na ce ranar Juma'a za a kai shi gaba. Ya ce zai tura saƙo sama yanzu-yanzu. Ya danna, ya juyo mani da fuskar kwamfutar, ya ce ka gani, har ya isa. Na ce ma sha Allah, lalle akwai sauri. Amsar fa? Ya ce ita sai an zauna.

Da zan fita ya ba ni hular hana-salla shuɗiya. Na karɓa. Ban san dalili ba. Tana cikin aljihuna har gida, sai da Bilki ta gani ta jefa ta murhu. Ko ci ba ta yi da kyau, narkewa ta yi tana wari.

Laraba, bayan La'asar

An ce an mai da Sadiq 'Yankara, can na bi shi. Na same shi ƙarƙashin rumfar Walƙiya yana raba takardun talla, ya yanke farce ƙwal. Da ya gan ni ya durƙusa har ƙasa. Na ce tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na ce ya zo ya faɗa wa Kwamanda shi ma ya shafa, shi ma ya ɗauki hoto, haka aikin yake.

Ya ja ni bayan rumfa. Ya ce ogansu ya tara su ya ce Walƙiya ba ta taɓa shafa fenti ba, duk wanda ya tuna akasin haka ya aje riga. Na ce riga ce, na ji an ce kowa na iya sawa.

Ya ce, "Baba, ba rigar ba ce. In na ce ni ma na shafa, ba sakin shi za su yi ba. Ɗaki guda za su sa mu."

Yana kuka yana faɗa. Na tsaya ina lallashin ɗan wani. Ya kawo mani ruwan leda, na sha, na hau mota.

Laraba, bayan Magariba

Maharazu ya kira, murya tar kamar yana zaure. Wai gobe in sha Allahu. Na ce ya taho a hankali, kar ya yi gaggawa.

Alhamis, da hantsi

Jibi ba ta da amfani. Gobe ce.

Bilki ta sa hijabi ta fita ba ta ce mani ina za ta ba. Na leƙa, na ga ta nufi ƙofar da ba wanda ya isa ya tunkara daga gidan nan.

Alhamis, bayan La'asar

Abin da na tsinta daga bakinta, don ba ta ba da labari a jere. Ta shiga gidan Alhaji Barau, mata cike da tsakar gida. Wata ta ce a fitar da ita. Ta wuce har ɗakin Hajiya Safara'u, uwargidan Alhaji, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa. Ba ta yi roƙo ba. Ta ce ta zo ne su zauna tare, tunda ita ma nata ba ya gida. Suka zauna. Suna nan zaune har aka kira Azahar.

Da suka sallame Hajiya ta aika a kira mai unguwa da Kwamanda. Ta yi masu magana ta bayan labulen zaure. Mai unguwa ne ya kawo mani wannan, ta ƙofar gaba yau. Ta ce yaron bai zaɓi gidansu ba, sau biyu yana wucewa, don Alhaji ya riga ya yi wa Walƙiya alkawari. Alhaji ne ya aika aka kira shi da ya ji maganar batirin sola, shi ya nuna inda za a shafa, har ya ce a ƙara girmanta maƙwabci ya gani. Ta ce kuma waɗanda suka zo ba ta ƙofa suka shigo ba, kuma ba su yi lalube ba, sun san ɗakin. Wanda ya san ɗakin Alhaji ba a bakin titi ya tsaya da buroshi ba.

Ta ce kar a ƙara mata da alhakin ɗan mutane a kan abin da take ɗauke da shi.

Kwamanda bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce gobe bayan masallaci uban ya zo ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a.

Na tambayi Bilki yadda ta iya. Ta ce in matsa, ina tsaye kan tsintsiya.

Juma'a, bayan La'asar

Na yi alwala na dafa. Gaban mai unguwa da liman da duk wanda ya ga dama, kuma kowa ya ga dama. Na faɗi sunanshi da nawa da na ubana. Na ce in an same shi da hannu a ciki a haɗa da ni a kai gaba. Ban yi wasa ko guda ba, har na ga wasu na jira.

Kwamanda ya ce gobe da safe in zo in ɗauke shi. Amma ba zai zauna gari ba sai Alhaji ya dawo an ji daga bakinshi. Na ce to. Akwai kawunshi a Zariya.

Juma'a, bayan Magariba

Maharazu ya iso. Da zabi biyu da jawabin da ya shirya tun daga Sabuwa, wai zai fara da tarihin kakanmu. Na ce ya aje jawabin, zabin dai a yanka.

Saƙo ya shigo wayar Hussaina daga Kibiya. Suna taya mu murna, layinmu na cikin waɗanda za a fara ja wa waya bayan damina.

Asabar, bayan Azahar

Na je da babur. Suka fito da shi. Rigar ba ita ba ce, wata suka ba shi. Yana taka ƙasa kamar tana da zafi. Ban tambaya ba, shi ma bai ce ba. Duk hanya na zo da maganar da zan tarbe shi da ita, kan wai ya samu hutun aiki da abinci kyauta. Da na ga yadda ya ɗaga ƙafa zai hau, na haɗiye ta.

Na karya kan babur zan bi ta bayan gari, ta wajen makabarta, mu shiga ta ƙofar shara ba wanda ya gan mu. Ya taɓa kafaɗata.

"Baba, bi ta layinmu."

Na ce akwai mutane a ƙofar masallaci, yau Asabar, duk suna nan.

Ya ce, "Shi ya sa."

Na juya. Na ji ya damƙe rigata ta baya da hannu biyu. Muka wuce ƙofar Alhaji, shuɗin na nan, an kankare shi har ƙarfe ya fito amma yana nan. Suna zaune kan benci, duk waɗanda muke haɗa kwano da su. Na rage wuta har babur ya fara tari, ina jan ƙafa a ƙasa don kar mu faɗi. Na yi sallama da ƙarfi kamar mai shela.

Ladan ya sunkuya yana neman wani abu a takalminshi.

Sannan wani daga can ƙarshen benci ya amsa, cikakkiya har da wa barakatuhu. Ban waiga in ga ko waye ba. Mutum guda ne.

Na ji yaron ya saki rigata.